Auren Ingila: Ina Shaidar Gida Ɗaya Kuke?



Yau maganarmu da amaren da ake kaiwa Ingila ce, ko daga Birnin Gwari kike ko Zariya. Bizar aure wata 33 ce. In lokacin sabuntawa ya zo, Home Office ba ruwansu da hotunan biki. Takardu suke so masu nuna ke da maigida adireshinku ɗaya tsawon shekara 2, kuma sitatimen na banki yana cikinsu.

To kar ki yi saurin biyan kuɗin bugo tsofaffi. Fara shiga manhajar bankinki a waya, yawanci za ki sauke su kyauta. In sun yi nisa, dokar kare bayanai ta Birtaniya ta ba ki damar neman bayananki daga bankin kyauta, su amsa cikin wata ɗaya.

Amma fa sitatimen mai tsohon adireshi ba zai fishe ki ba. Ranar da kuka sauya gida, ranar za ki sanar da banki. Ke da shi duka.

Ku tura wa amaren da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.