Bakin Titi: Na Direba Ne Ko Na Mai Shayi?

 

An nemi mu ce wani abu game da filin da ke gefen babban titin Kano zuwa Daura, inda ya ratsa Dambatta. Direbobi na cewa wurin tsayawarsu ne. Masu shayi da tsire da ƙosai na cewa nan Allah Ya ajiye musu abincinsu. Da muna da sarari, da sai a ce kowa ya matsa. To, ƙasarmu cike take. Gero da dawa da gyaɗa sun zo har gindin katanga, rabon gado kuma ya tsinka gonaki ƙanana. Ba za mu yanki gonar marayu domin a ajiye mota ba.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. A 2020, da annobar Korona ta hana cin abinci a cikin ɗaki, hukumomin New York ta Amurka da Paris ta Faransa sun yarje wa gidajen abinci su jera tebura a wuraren ajiye motoci na gefen titi. A 2023 majalisar New York ta mai da abin doka, amma da lasisi da biyan kuɗi, kuma daga Afrilu zuwa Nuwamba kawai. Wato dai fili guda suka raba wa mutum biyu ta hanyar lokaci.

Su da watanni suka raba, mu sai mu raba da sa'o'i. Da rana wurin ya zama na motoci, daga Magariba kuma masu abinci su fito da bencinansu. Ranar Lahadi, da kasuwa ke ci, a bar wa motoci shi ɗungurungum, domin ko akuya ba ta samun wurin tsayawa.

Sai dai abin da ya fi damunmu shi ne rai. Manyan motoci na bin titin nan da dare, yaranmu kuwa su ake aike sayen ƙosai. Lalle ne a jera ganguna cike da yashi tsakanin kwalta da benci, a shafa musu farin fenti, a sa fitila, kada kuma tukunyar mai ta kusanci kwalta. Wanda ya ci riba a wurin shi zai share shi, don kada leda ta toshe magudanar ruwa da damina.

Titin na Gwamnatin Tarayya ne, saboda haka ƙungiya ba ta da ikon raba shi. Muna roƙon a naɗa kwamiti, da wakilin direbobi da na masu abinci a ciki, ya kai wannan shawara gaban Ƙaramar Hukuma da Hukumar Kiyaye Haɗurra kafin ruwa ya sauka.