INA ƘARSHEN MUGAYE?

 Gaisuwa ga masunta na bakin tafkin Lagdo, da masu bandar kifi, da 'yan kasuwar Garwa. Ku kasa kunne kaɗan.

Wani ɗan'uwa mai sayar da kifi a Lagdo ya kawo mana tambaya. Ya ce, "Malam, wani mai wa'azi ya ce mugaye za su sha azaba har abada. Wani kuma ya ce za su ƙone ƙurmus su ƙare. Dukansu da Littafi Mai Tsarki a hannu. Wa zan bi?"

Ɗan'uwa, wannan gardama ta daɗe, kuma hanya uku malamai suka bi a cikinta.

Ta fari ita ce azaba marar matuƙa. Wannan ita ce koyarwar yawancin ikilisiyoyi. Agustin, babban malami na garin Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kafa hujja da Matta 25:46. Ya ce a ayar nan kalma ɗaya aka yi amfani da ita domin daɗewar ran masu adalci da daɗewar hukuncin mugaye. In ɗaya ba ya ƙarewa, ɗayan ma haka. A shekara ta 1530 Lutaran suka rubuta wannan cikin shaidar bangaskiyarsu a birnin Augsburg na Jamus. A kanta ikilisiyar Lutaran mai hedkwata a Garwa ta tsaya.

Ta biyu ita ce hallaka sarai. Masu wannan ra'ayi sun ce rai marar mutuwa kyauta ce ta Allah ga masu ba da gaskiya kaɗai. Su kan nuna Romawa 6:23, inda aka kira mutuwa ladan zunubi, su ce mutuwa ƙarewa ce. Mugu zai sha hukunci gwargwadon aikinsa, sa'an nan ya shuɗe kamar tattaka a wuta. Adbentis, masu sujada ran Asabar, waɗanda su ke da tsohuwar tasha a Dogba kusa da Marwa da asibiti a Koza, haka su ke koyarwa. Har John Stott, shahararren mai wa'azi na Ingila, ya nuna a 1988 zuciyarsa ta karkata wajen nan.

Ta uku ita ce maido da kowa. Orijin, malamin Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3, ya sa zuciya wutar nan ta tsarkakewa ce, kamar yadda maƙeri ya ke ƙona ƙarfe ya fid da tsatsa, daga bisani kowa ya komo wurin Allah. A ƙarni na 6 ikilisiya ta ƙi wannan koyarwa, amma har yau akwai masu riƙe da ita.

Mu dai a kan ta fari muka tsaya, gama ita muka ga ta fi dacewa da maganar Yesu. Amma ba mu zagin ɗan'uwan da ya karanta dabam. Ga abin lura kuwa: cikin su ukun babu wanda ya ce ba hisabi. Babu wanda ya ce wutar da sauƙi.

Ku mutanen Lagdo kun san ruwa. An gina madatsar nan a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982. A shekara ta 2012 tafki ya cika, aka buɗe ƙofofi, ga damina mai ƙarfi. Ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga ƙasar Garwa da Yola har Lokoja. A 2022 kuma aka sake buɗewa, hukuma ta yi gargaɗi mutane su tashi daga kwari.

To, a ce mutum biyu sun ji shelar nan, suka zauna a ƙofar gida suna musu. Wannan ya ce, "Ruwan zai kwanta a nan, ba zai janye ba." Wancan ya ce, "A'a, dare ɗaya zai share gidan." Suna cikin musu ruwa ya iso. Wanne ne mai hikima a cikinsu? Babu. Mai hikima shi ne wanda ya kwashi iyalinsa ya hau tudu tun da sauran rana.

Watakila ka ce, "Ai ni ba mugu ba ne, ban kashe kowa ba." Tsaya tukuna. Wa ya tauye mudu? Wa ya sa ruɓaɓɓen kifi a ƙasan kwando, mai kyau a bisa? Wa ya ci amanar abokin ciniki, ya rantse da Allah a kan ƙarya? Cikin Matta 13 Yesu ya ba da misalin taru. Taru ya kan kwaso kowane iri, sai an jawo shi gaɓa a ke zaɓe. Yau karfasa da ruɓaɓɓe suna taru ɗaya. Ranar zaɓe tana zuwa.

Amma ga labari mai daɗi. Annabi Ezekiel ya shaida, cikin sura 33, Allah ba ya murna da mutuwar mugu, so ya ke ya juyo ya rayu. Saboda haka ya aiko Yesu Kristi, ya ɗauki hukuncin zunubinmu a bisa gicciye, ya tashi a rana ta uku. Shi ne tudunmu. Ka tuba yau, ka mayar da abin da ka ci na zalunci, ka dogara gare shi. Wanda ya hau tudu ba zai san zurfin ruwan da jikinsa ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka ji tausayinmu, ka ba mu zuciyar tuba tun ƙofa tana buɗe, sabili da Yesu Kristi. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.