Rumbun Tsimi da Yunwar Damina a Ƙasar Mirriya

   

Yunwar da ta fi cin ƙasar Damagaram ba ta jiran shekarar fari. Kowace shekara sai ta zo, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da gero ke tsaye kore shar a gona, rumbu kuwa ba komi sai ƙaiƙayi. Da kaka manomi na da bashi a wuya, ga biki ga tufafin yara, sai ya kai hatsinsa kasuwar Lahadi ya sayar da araha. Da damina ya dawo ya sayi wannan hatsin da tsada. Wanda ba shi da ko dala ya bar tasa gonar ciyawa na cinye ta, ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiya guda. Gonar da ba ta samu noma ba kuwa ba ta cika rumbu, sai yunwar bana ta haifi ta baɗi.

Wannan ramin ne bankin hatsi, wato rumbun tsimi na gari, ya zo ya cike. Ana gina ɗakin ajiya, gwamnati ko wata ƙungiya ta zuba jarin farko, gari ya zaɓi kwamiti. Su sayi gero da dawa da kaka, su rufe, su buɗe da damina suna sayarwa tiya-tiya da ƴar riba kaɗan, ƙasa da farashin kasuwa. Kuɗin su koma asusu har kaka ta zagayo. Irin waɗannan bankuna sun yaɗu a Sahel bayan farin 1973 da na 1984.

Tsimin dole ma mun taɓa ganinsa. Bayan yunwar 1931 Turawan Faransa sun tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya, mutane kuma suka tsani abin, domin hatsin nasu ne amma ikon buɗewa na hannun wani. A 1970 gwamnatinmu ta kafa hukumar OPVN don tsimin ƙasa baki ɗaya. Sai ga 2005, bayan fari da farin dango na 2004: a jihohin Maraɗi da Damagaram akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, har mata suka koma jiƙa anza suna ciyar da yara. Kafin taimako ya iso daga Yamai, an riga an binne ƙananan yara da yawa. Wannan shekarar ta nuna mana amfanin hatsin da ke ajiye cikin gari.

To me ya sa bankuna da dama suka mutu, aka bar ɗaki da kwaɗo mai tsatsa? A ganina babban makashinsu bashi ne. Surukin mai gari ya ɗauki buhu sai kaka, liman ya sa baki a ba wani, mai riƙe da mabuɗi ya ji kunyar hana kawunsa. Kaka ta zo ba a biya ba, jari ya narke. Ina roƙonku, a sayar kuɗi hannu, kada a bar mabuɗi da littafin lissafi a hannun mutum ɗaya, kuma a karanta lissafin a bainar jama'a. A sa mata cikin kwamiti da cikakken iko. Tun 1991 da aka fara asusun Mata Masu Dubara a Maraɗi, sun nuna cewa sun iya riƙon amanar kuɗi, su ne kuma suka san ranar da tukunya ba ta hau murhu ba.

Saura gwauruwa mai marayu, wadda ko farashin banki ya fi ƙarfinta. Kada a taɓa jari saboda ita, domin tana da haƙƙinta a wani wurin: zakkar gona, dami ɗaya cikin goma. Malamai, a nan muke bukatarku. In kowace unguwa ta tara wani kaso na zakkarta da kaka, aka rubuta sunayen mabukata tun rani, aka damƙa musu rabonsu yadda zai kai su Agusta, banki zai tsaya da jarinsa, ita ma ta ci tuwo da ƴaƴanta. Kakar bana ce lokacin fara wannan aikin.