DAHUWAR SUKARI: JAWABI GA MATA MASU ALKAKI DA KANTU

A wata makarantar yaƙi da jahilci ta mata, cikin ƙasar Magariya, malama ta gayyato wata dattijuwa mai sana'ar alkaki da kantu. Daga Dungas ta zo. Ga abin da ta faɗa wa mata.

Bayan gaisuwa, ta ce ƙasar nan Allah ya yi mata albarka. Akwai riɗi da gyaɗa a tudu, akwai rake a fadamun Korama, wajen Bande da Waca. Amma sukari saye ake yi, kuma da tsada. Mace ta ɓata tukunya guda, ta ci uwar kuɗinta. In kuwa alkakin gara ne ya lalace, uwar amarya ta sha kunya gaban dangin ango.

Ta ce yawancin ɓarnar daga wuri guda take fitowa: dahuwar sukari.

AWO DA GWAJI

A auna kofi 2 na sukari, kofi 1 na ruwa. A juya kan wuta kaɗan har sukari ya narke. Da ya tafasa, a matsa lemun tsami, a fid da ludayi, a daina juyawa. A aje ƙoƙon ruwan sanyi kusa da murhu, don shi ne alƙali.

1. Sukarin alkaki: a ɗiga kaɗan a faranti, ya huce, a taɓa da yatsa biyu. In ya ja zare, ya yi. A tsoma alkaki da zafinsa, a tsame. Zai fito sumul yana ƙyalli.

2. Sukarin kantu: a ɗiga cikin ruwan sanyi. In ya daskare nan take, ya karye ƙas, ya yi. A zuba soyayyen riɗi, a juya maza-maza.

MATSALOLI DA MAGANINSU

Wata yarinya ta ce: "Inna, ni nawa sukarin komawa yake kamar rairai."

Dattijuwa ta ce: "Ɗiyata, ko kin yi ta juyawa bayan ya tafasa, ko kin manta tsami." Ta ce ƙwayar sukari guda da ta maƙale a gefen tukunya, in ta faɗa ciki, sai ta ja sauran su koma tsaki. Don haka a riƙa share gefen tukunya da tsumma mai tsabta, jiƙaƙƙe. In ya riga ya faru, kada a zubar. A ƙara ruwa kaɗan, a narkar, a sa tsami, a sake dafawa.

In alkaki ya yi laushi, ba ƙyalli, sukari ne bai dahu ba. Irin wannan ba ya jimawa sai ya yi fumfuna. A mai da sukarin kan wuta har ya ja zare.

In kantu ya tsattsage ko ya yi tudu da kwari, jinkiri ne. Ta ce shimfiɗa kantu kamar yaɓen ɗaki yake: mai yaɓe ba ya jiran laka ta bushe. Tun kafin a ɗora tukunya, a shafa wa tire mai, a shafa wa kwalba mai. A juye, a murza da kwalba daga tsakiya zuwa gefe, a yanka da sauran ɗuminsa. Da hunturu sai an ƙara hanzari, don sanyi na daskarar da shi da wuri.

In kantu ya yi naso yana kama hannu, laifin damina ne. Sukari na shan laimar iska. Da damina a yi kaɗan-kaɗan, daidai na kasuwa guda. A bari ya huce sarai, sannan a rufe shi ruf cikin kwano.

In sukari ya yi baƙi, yana ɗaci, ya ƙone. Wannan kam ba shi da magani. Gara a rage wuta tun da wuri.

Ta ce ko gaton biki da ake gani a Damagaram da Yamai, mai farar riga sumul, sukari ne aka niƙa lukwi, aka kwaɓa, aka murza, aka lulluɓa masa. Shi ma iska ta busar da shi sai ya tsage, laima ta taɓa shi sai ya yi naso. Halin sukari ɗaya ne, birni da ƙauye.

A KULA DA YARA

Nan malama ta sa baki. Ta ce ruwa na tafasa a awon zafi 100, amma sukarin kantu yana kaiwa wajen 150, kuma yana manne wa fata. Kada a dafa shi da goyo a baya, kada yara su yi wasa kusa da murhu. In wani ya ƙone, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko kanwa. A kai shi likita.

A RUBUTA

Daga ƙarshe dattijuwa ta ce ita da ido ta koya, bayan ta yi asarar tukwane da yawa. Ta ce: "Ku kun samu abin da ban samu ba." Kowace ta rubuta a littafinta kofi nawa ta zuba, nawa ta kashe, nawa ta sayar. Ran da abu ya yi kyau, awon na nan a rubuce. Ran da ya ɓaci, za a gane inda aka kuskure.

Malama ta rubuta a allo: sukari 2, ruwa 1, tsami, gwaji. Mata suka kwafa, suka yi wa dattijuwa godiya, aka yi addu'a, aka tashi.