Mu Fara Saƙa Tun Da Damina: Jawabin Sashen Saƙa Da Ɗinki A Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

   Mun san akwai waɗanda sunka baro gida tun da jijjifi, a kan hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba. Allah shi mai da kowa ɗakinta lafiya.

Mu 'yan sashen saƙa da ɗinki, magana ɗaya munka zo da ita wanga taro. Kasuwanninmu guda uku ne a shekara, kuma da can kowace da lokacinta. To, yanzu suna matsowa kusa da juna, nan da 'yan shekaru za su haɗu a watanni biyu ko uku. Wadda ta shirya za ta samu, wadda ta jira sai sanyi ya sauko ta tafi neman zare za ta ga kasuwa ta ci ba da ita ba.

Bari mu bi su ɗaya-ɗaya.

Ta farko kasuwar hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman a garuruwanmu na bakin gulbin Rima, sanyin asuba ba ya raga wa jariri ko tsoho. Lokacin ne ake neman hular sanyi da safa da rigar jarirai da mayafin wuya. Masu tsaron albasa da tafarnuwa a fadama suna saye, 'yan acaɓa suna saye, uwayen jego kuwa ba a magana. Ga kuma samari masu zuwa gidan kallon ƙwallo: wanga yana son mayafin wuya ja da fari don Arsenal, wancan shuɗi don Chelsea, in Super Eagles na wasa a nemi kore da fari. Launin kawai muke saƙawa, tambarin ƙungiya kayan masu shi ne, kuma launin ya ishi mai saye.

Ta biyu kasuwar azumi. Daga goma ga wata yara ke fita tashe, kuma tashe ba ya yiwuwa sai da shiga. Mai Tsoho da Gemu yana son gemun auduga da tsohuwar riga. 'Yan mata masu Mairama da Daudu suna son ɗaya ta fito a mace, ɗaya ta sa riga da hula ta fito a namiji. Mai Jatau yana son jakar magani da tarkacensa. Da can kowane yaro shi ke harhaɗa nasa da tsumma da baƙin tukunya, yanzu kuwa iyaye da yawa sun fi son su biya a ɗinka. Makarantun boko da na Islamiyya ma suna neman irin waɗannan kaya ranar nuna al'adu ko ranar wasan kwaikwayo: rawanin yara, alkyabba ƙarama, shigar Fulani, shigar maharba.

Kada wata ta raina wagga sana'a. A birnin Sandiyago na Amurka tun 1970 ake wani babban taro na masu son littattafan zane da finafinai, a Tokiyo ta Japan tun 1975, a Legas ma tun 2012 ake irinsa. Matasa kan je cikin shigar jaruman da suke so, kuma akwai masu ɗinki da ke cin abinci da ɗinka waɗannan kaya kaɗai. Abin da suke yi da jaruman fim, shi ɗiyanmu ke yi da Jatau da Mairama tun kaka da kakanni, sai dai su sun mai da ɗinkin kayan sana'a mai farashi.

Ta uku kasuwar Sallah. Ban da ɗinkin tufafi, akwai jakunkunan yawon Sallah na 'yan mata da ake saƙawa da kwarashi, akwai tuntaye da jeren ado na dawakin hawa, akwai 'yan tsana. Kakanninmu da kara da ƙashi suke yin 'yar tsana, su ɗaura mata ƙyalle. Mu yanzu saƙa ta muke yi, ko mu ɗinka da ragowar yadi mu cusa auduga ko audugar rimi. Wasu daga cikinmu sun taɓa tambaya ko akwai laifi ga addini. Mun kai maganar gaban malamanmu, sunka tuna mana cewa ya tabbata a Buhari da Muslim Nana A'isha, Allah shi ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah. Haka kuma sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin cewa idan suna koya wa yara azumin Ashura, sukan yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har a sha ruwa. Ashe ke nan yin abin wasan yara da ulu aikin matan sahabbai ne. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da cika kamannin fuska ba, ta bar fuskar a shafe, tana da masu sayenta.

To, ina haɗuwar take? Kun san watan azumi yana ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a cikin Fabrairu. In Allah ya kai mu 2028, masu lissafi suna sa ran ƙarshen Janairu, sannan a 2030 a yi azumi sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba. Ma'ana, shekaru masu zuwa a tsakiyar hunturu za a yi tashe, a cikin sanyi za a yi ƙaramar Sallah. Hannun da ke saƙa hular jariri shi ne za a nema ya ɗinka gemun tsoho, shi ne kuma zai cusa 'yar tsana, duk a wata guda, ga aikin buɗa-baki da sahur a kansa. Hannu biyu Allah ya ba kowace mace. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka sashenmu yana kawo wa wanga taro shawarwari huɗu, a duba, a gyara, a amince.

Na ɗaya, mu sayi zare a dunƙule, mu saye shi da wuri. Mace ɗaya in ta shiga Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Disamba, farashin ɗai-ɗai za ta biya, a lokacin da kowa ke nema, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. In ƙungiya ta tara kuɗi ta aika a yi sari, a Sakkwato ko Kano, kafin damina ta ƙare, za a samu sauƙi biyu, na sari da na lokaci. Akwai amfani na uku da masu saƙa kaɗai sunka sani: zare launi ɗaya in ba tare anka rina shi ba, sai ki ga hannun riga ya bambanta da jikinta. Wanda anka saya a ƙunshi ɗaya ba ya wannan. Kuɗin kuwa mu tara shi lokacin da yake hannu, wato bayan an cire albasa da tafarnuwa da shinkafar rani, ba a watan Agusta ba da kowane gida ke auna hatsi da tiya.

Na biyu, asusu ya ba da bashin zare maimakon bashin kuɗi. Dalili a fili yake. Kuɗi in sun shiga gida da damina, ciwon yaro ko cefane na iya cinye su, kuma ba wanda zai ga laifin uwa. Zare kuwa yana nan a kwando har a saƙa shi. A auna wa mace abin da za ta iya, a rubuta a littafi, ta biya bayan ta sayar, ba tare da ruwa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na uku, mu daidaita farashi, mu sa ladan hannu a ciki. Ga misali, ba farashin yau muke faɗa ba. Mu ce kin sayi zare na naira 3,000, maɓalli da leda 300, kason kuɗin mota 200. Kin kashe 3,500 ke nan. Kin yi kwana uku kina saƙa rigar jariri da hula da safa, kin sayar 4,000. Ribarki 500 a kwana uku, ga ciwon baya da na ido. Kuma in maƙwabciyarki ta ƙi sayarwa a haka, mai saye zai ce ai wance ta bar masa. Muna roƙon kowane reshe ya zauna ya yanke ladan yini guda, a ɗora bisa kuɗin kaya, a ƙara ɗan kason asusu, kowa ta tsaya a kai. Mun san gwanjo yana nan, kuma ba za mu iya karya shi da araha ba. Abin da dilar gwanjo ba ta iyawa shi ne ta auna jaririn mutum, ta sa sunansa a ƙirji, ta haɗa launin ankon suna. Nan ne kasuwarmu take.

Na huɗu, ingancin aiki da lafiyar yara. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne. In ya kusanci wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Lokacin da ake sa shi kuwa shi ne lokacin jin ɗumi da kaskon wuta a ɗaka. Duk wadda ta sayar da kayan jariri ta faɗa wa uwa wannan da bakinta. Game da 'yan tsana, kada a sa maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido in ta ɗan ƙasa da shekara uku ce, don komai baki yake kaiwa. A yi idon da zare. Abin cusawa a wanke shi a shanya ya bushe sarai, tsumma mai danshi yana wari kuma yana jawo tari. Mayafin wuya mai tsawo ba na ƙananan yara ba ne, kuma a ja kunnen 'yan acaɓa su riƙa cusa bakinsa cikin riga kada ya shiga ƙafar mashin.

Iyayenmu, akwai abin da ya fi riba a cikin wagga magana. Tun harin da anka kai Tabanni a ƙasar Gandi a Yulin 2018, mata da yawa sun baro garuruwansu da gonakinsu suna zaune a cikinmu. Ba mu manta abin da ya faru a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba, ba mu manta lokacin da anka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiha, har da Rabah da Goronyo, a shekarar nan ba. Kafin wannan, ambaliyar 2010 ta nuna mana yadda gona ke tafiya a dare ɗaya. Kwarashi da dunƙulen zare suna shiga jakar hannu. Ba su bukatar wutar lantarki ko fili, macen da ke cikin kulle ko takaba ma tana iya aikinta. Muna neman kowace ƙwararriya a cikinmu ta ɗauki 'yar'uwa ɗaya daga cikin waɗanda sunka yi hijira, ta koya mata tun daga kafa sarƙar farko har ta iya hular jariri, asusu kuma ya ba ta zaren gwaji kyauta. Aikin da za ya yi mana yawa a shekarun nan da ke tafe, ga hannuwan da za su kama mana shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. An san Shehu Usmanu yana tufkar igiya don ya ci daga hannunsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma hubbarensa ke nan kusa da mu, ya rubuta a littafinsa Usulus Siyasa cewa wajibin shugaba ne ya raya masu sana'a a kowane gari. Nana Asma'u, da ta kafa 'Yan Taru, ta san ba kowace mace za ta iya zuwa gare ta ba, sai ta naɗa jaji ta ba ta malfa, jaji ta kai karatu ƙauye-ƙauye. Tsarin da muke roƙo ke nan, wadda ta iya ta kai wa wadda ba ta iya ba. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, a zamaninsa anka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, don a sarrafa audugar Arewa a Arewa. Masaƙar ta rufe tun 2002, amma saƙa ba ta ƙare ba, ta koma ɗakunan mata.

Abin da muke roƙo kafin a tashi: kowane reshe ya ba Ma'aji sunayen masu son shiga sarin zare, da yawan da kowace za ta iya saƙawa, da sunan wadda za ta koya wa. A tsai da ranar da za a fara karɓar kuɗi, a tsai da mata biyu da za su je sari tare. Kayan hunturu a fara su tun watan Yuli, na tashe da 'yan tsana a gama su kafin Sha'aban ya kama, a bar watan azumi ga ibada da ɗinkin Sallah.

 Allah shi jiƙan waɗanda sunka kafa wagga ƙungiya sunka riga mu gidan gaskiya. Allah shi sa albarka ga abin da hannuwanmu ke yi, shi kawo mana zaman lafiya, shi mai da 'yan'uwanmu garuruwansu, shi maimaita mana baɗi da baɗin baɗaɗa.