Guduma Maimakon Bindiga: Abin da Fim ɗin Following Ya Iya da Abin da Ya Kasa



Na daɗe ina sa-in-sa da wasu abokan aikina, ga wasunsu nan a sahun gaba, a kan magana guda: wai rashin jari ne ya hana mu yin fim ɗin laifi mai sa ɗan kallo zullumi. Kowane taro da wannan kukan ake tashi. Ba sai na maimaita muku tarihin masana'antarmu ta fim tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 ba, ko rigimar ƙauyen fim da aka so ginawa a Kofa a 2016, kun fi ni sani. Fim ɗaya na zo da shi yau, na Ingila, mai suna Following, wanda ya fito a 1998. Shi ne dogon fim na farko da Christopher Nolan ya yi, wannan dai da ya karɓi kyautar Oscar a 2024 saboda fim ɗin Oppenheimer.

Abin da aka kashe wajen ɗaukarsa bai wuce dala 6,000 ba, kuma mafi yawan kuɗin a sayen zaren fim da wanke shi suka tafi. Baƙi-da-fari ne, a kan zare mai faɗin milimita 16, tsawonsa kusan minti 70. Nolan ne ya rubuta, ya ba da umarni, ya riƙe kyamara. Duk 'yan wasan suna da aikin da suke ci da shi, don haka ranar Asabar kawai ake fita ɗauka, aka yi kusan shekara guda ana yi. Gidajen 'yan'uwa da abokai su ne lokeshan, hasken taga shi ne fitila. Ɗan sandan da ke fim ɗin ma baffan darakta ne, John Nolan.

Labarin a taƙaice: wani saurayi marar aikin yi a Landan, mai burin zama marubuci, ya tsiri bin mutanen da bai sani ba a titi. Rannan ya bi wani mai kwat, sai mutumin ya juyo ya tare shi. Sunansa Cobb, ɓarawon fasa gida ne, amma ba dukiya ce ta dame shi ba, ya fi son buɗe akwatin da mutum ke ɓoye wasiƙu da hotunansa, ya ɗauke wani abu don mai shi ya gane darajar abin da ya rasa. Saurayin ya zama yaronsa, ya faɗa son wata mata da suka fasa wa gida, har ya je ya yi mata sata a gidan rawar tsohon saurayinta. Daga ƙarshe Cobb ya kashe matar ya ɓace, duk shaidu kuma suka taru a kan yaron.

To ga inda nake so ku tsaya da ni. Makamin wannan fim guduma ce. Nolan da kansa ya bayyana dalili: bindiga a fim mai ƙaramin jari ba ta taɓa gamsarwa, domin ta roba ce, ba ta da nauyi a hannun mai riƙe da ita, kuma ba ka da halin nuna harbinta yadda ya kamata. Guduma kuwa kowa ya taɓa ɗaga ta. Wanda ya taɓa kuskure ƙusa ya daki ɗan yatsansa ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ke shirin faruwa idan ya ga an danne hannun mutum an ɗauko ta. Tsoron daga jikin ɗan kallo yake fitowa, darakta bai biya ko sisi ba.

Kuma gudumar ba ado ba ce a labarin, ita ce tarkon. Da ita saurayin ya bugi mutumin da ya rutsa shi yana kwashe kuɗi a gidan rawa, da ita kuma Cobb ya kashe matar, da jinin wancan mutumin da zanen yatsun yaron a jikin gudumar. Abu ɗaya, da za ka saya a kowane shagon kayan gini, ya yi aikin makami, ya yi aikin shaida, ya ɗaure farkon labari da ƙarshensa. Yanzu ku tuna finafinan 'yan fashi nawa muka gani a nan, inda ƙato zai fito da bindigar wasan yara, a liƙa mata ƙarar harbi da tartsatsin wuta a kwamfuta, yaran da ke kallo su fashe da dariya a daidai wurin da aka so su firgita. Furodusan nan ya kashe kuɗi ya sayo wa kansa dariya. Da ya zauna da marubucinsa tun farko sun lissafa abin da aljihunsu zai iya nunawa da gaske, da adda ko taɓarya ko igiyar guga sun fi masa amfani. Ana rubuta labari ne daidai da abin da ke hannu, kamar yadda tela ke duba yadi kafin ya sa almakashi. Mu sai mu rubuta tseren motoci da fashewar bam, mu je lokeshan da mota ɗaya ta aro, mu dawo muna zagin talauci.

Haka zancen bita. Saboda tsadar zare, sau ɗaya ko sau biyu ake ɗaukar yawancin fitowa, don haka sai da suka yi watanni suna bita kafin a kunna kyamara. Mu da katin ajiya ya ba mu damar ɗauka sau ashirin kyauta, sai muka yar da bitar gaba ɗaya, jarumi ya sauko daga mota a karanta masa abin da zai faɗa. Akwai kuma dabarar buɗe fim: Nolan ya san sautinsa na titi ba shi da kyau, sai ya fara da hirar saurayin da ɗan sanda a ɗaki rufaffe, inda sauti ya fita tas, don kafin kunne ya lura da matsala labari ya riga ya kama mutum.

Ban zo in ce fim ɗin ba shi da aibi ba, yana da su, manya ma. Matar da labarin ke juyawa a kanta ko suna ba a ba ta ba, kuma ba ta da wani hali nata, an ajiye ta ne kawai don makirci ya samu hanyar wucewa. Lucy Russell, wadda ta fito a matar, ta yi iya ƙoƙarinta, rubutun ne bai ba ta abin riƙewa ba. Wannan rauni ya bi Nolan cikin finafinansa da dama, har bayan da ya samu miliyoyi, wanda ya ƙara nuna muku kuɗi ba sa gyara abin da alƙalami ya ɓata. Alex Haw, wanda ya fito a Cobb, yana da kwarjini, amma a wurare da yawa kana jin hadda a bakinsa.

Babban aibin a wurina shi ne makircin kansa. An yayyanka labarin gida uku an cakuɗa, kana gane inda kake ne ta kamannin saurayin: da doguwar suma, ko ya yi aski ya sa kwat, ko fuskarsa a kumbure. Dabara ce mai kyau, ita ce kuma ta haifi fim ɗinsa Memento a 2000. Amma idan ka jera labarin daga farko zuwa ƙarshe, kuma an fitar da fim ɗin a haka a faifai, sai ka ga shirin Cobb ya dogara da cewa yaron zai aikata duk wautar da ake so ya aikata, a daidai lokacin da ake so: ya yi aski, ya sa hannu a katin bankin da aka sato, ya ɗauki guduma, ya kai kansa wurin 'yan sanda. Cakuɗa lokaci ya rufe wannan ɓaraka a kallon farko. A na biyu ba ya rufewa.

Za a ce mini Landan ba Kano ba ce, can akwai bukukuwan fim da za su ɗaga ka. Gaskiya ne, an nuna Following a San Francisco a 1998, ya ci kyauta a Rotterdam ta ƙasar Holan a 1999. Amma sai da aka yi fim ɗin kafin a kai shi biki, kuma wayar da ke aljihun kowannenku ta fi kyamarar Nolan sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Masu cewa ɗan kallonmu ba zai zauna wa fim marar waƙa ba kuwa, finafinai masu dogon zango da ake bi a YouTube da Arewa24 sun riga sun ba su amsa.

Shawarata ba sabuwa ba ce, wasunku sun gaji da jin ta. Duk sashen da ke koyar da fim ya wajabta wa ɗaliban ajin ƙarshe gajeren fim na laifi, minti goma, babu bindiga, babu fiye da ɗauka biyu a kowace fitowa, kuma a ba da maki a kan takardar bita kafin a ba da a kan hoto. Duk wani tallafi da gwamnati ko 'yan kasuwa za su ware, a fara biyan marubuci da kwanakin bita kafin a yi zancen sayen kyamara ko gina katanga. Ƙungiyar furodusoshi kuma ta sa kwanakin bita cikin yarjejeniyar da jarumi zai sa wa hannu, wanda ya ƙi zuwa a rage masa kuɗi. Shugaban taro, na ga kana duba agogo.