Kafin ka sayar da tsohon tulu, duba gindinsa

In akwai tsohon tulu mai nauyi da sheƙi a ƙuryar ɗakin kaka, kada a yi gaggawar miƙa wa dillali. A kife shi tukuna, a goge ƙurar gindinsa.

Ga dalili: a 1952 Michael Cardew, mutumin Ingila, ya buɗe cibiyar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Can aka riƙa gasa yumɓu da wutar da ta haura digiri 1,200, har ya koma tamkar dutse. Tulun da aka gasa haka ba ya tsattsafo kamar randarmu, kuma in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi amo kamar ƙararrawa.

A gindin tulun a nemi ƙananan hatimai biyu: sunan Abuja da ajami, da harufan sunan maginin. In ka ga LK, to hannun Ladi Kwali ne, wadda hotonta ke bayan naira 20. Ta shiga cibiyar a 1954. Dubi zanen ƙadangare, kunama ko kifi a jikin tulun. Tulunanta na kai dubban fam a gwanjon Landan, abin takaici ne a rabu da ɗaya a kuɗin cefane.

Don Allah kada a dirje shi da soson ƙarfe, kada a liƙe tsaga da gam. A nuna wa masana a gidan tarihi kafin a sallama.